Idon Kyamara a Dausayin Dagona

Duk mai son sanin ƙarfin sabuwar kyamarar ƙwararru, ya kai ta Dagona, a ƙasar Bade ta Jihar Yobe, tsakanin Disamba da Fabrairu. A lokacin ne tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai ke cuɗanya da dinya da kirinjijiya da zalɓe a dausayin Haɗeja da Nguru.

Kyamarorin zamani da kansu suke saita hoto. An tsara su su gane tsuntsu, su nemo idonsa, su bi shi ko da a sama yake. Wasu ma kan ɗauki hoto 30 a daƙiƙa guda. Wadda na gwada ta cika alkawari a sararin ruwa, domin ta riƙe idon zalɓe tun daga yunƙurinsa har ya shige hazon hunturu. Amma da tsuntsu ya kutsa cikin kachala, sai ta rikice, ta kama ganye ta saki ido.

Wannan ciyawa ta yaɗu ne bayan madatsun Tiga, a 1974, da Challawa, a 1992, sun sauya tsarin cikowa da janyewar ruwa. Ta toshe magudanai, ta mamaye wuraren su da gonakin shinkafa. Abin da ya tare wa kyamara gani, shi ya tare wa masunci da manomi abinci.

Rikicewar kyamara sabuwar manhaja na iya maganinta. Yashe magudanai da sakin ruwan madatsai bisa ƙa'ida kuwa, sai hukumomi sun tashi tsaye.