Akuyar da ta shiga kwalekwale: abin da na gano a Tumbutu

Jama'a, na ga abin da ya hana ni barci don murna, kuma wallahi bakina ya ƙi yin shiru! A Tumbutu na gan shi. Kada hankalinku ya tafi Mali, wannan Tumbutun tana cikin gundumar Malanbil, jihar Alibori, can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, inda kogin Kwara ya raba ƙasar da Nijar. Zumunci ya kai ni. Daga Gaya ta Nijar kwalekwale na shiga, don a lokacin gadar da ta haɗa ta da Malanbil tana rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, daga Malanbil kuma ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni.

Bayan la'asar sai na ji ihun yara daga gidan maƙwabta, irin ihun da ke sa babba ya miƙe tsaye. Na yi sallama na leƙa. Rumfar zana ce, da tabarmi, da yara ƙanana waɗanda babbansu bai wuce shekara shida ba. A tsakiyarsu wata malama ce, wadda da safe take koyarwa a makarantar boko, da yamma ta tara 'ya'yan unguwa kyauta. A hannunta littafi ɗaya tak. Takardu ne aka ɗinke da zare, bangon kwalin sukari ne, hotunan kuwa ƙanenta ya zana da fensir mai launi. Kowane shafi hoto guda babba, a ƙarƙashinsa layi ɗaya da Hausa, wani layin da Dandanci. Labarin wata akuya ce da ta ɓuya cikin buhunan albasa a kwalekwale, har ta tsinci kanta a kasuwar Malanbil.

Ba ta fara da karatu ba! Ɗaga shafin farko ta yi, ta ce, "'Ya'yana, me kuka gani?" Sai hannuwa sama, baki ya ɓarke. Wannan ya ce akuyar gidansu ce, wancan ya ce ai ciki gare ta. Ta bar su suka yi ta yi. Sannan ta ce, "To, me kuke jin zai faru in na buɗe gaba?" Kafin ta karanta ko harafi ɗaya, yaran sun ƙaga labari uku daban-daban, suna gardama a kai.

A shafi na huɗu ne abin ya faru. Akwai wata yarinya a gefen tabarma, 'yar masunta, da yatsa a baki, tun shigata ba ta ce uffan ba. Ta ƙura wa hoton ido, ta ƙura, sai ta miƙe ta taka har gaban malama, ta ɗora yatsan nan mai yawu a kan takardar, ta ce, "Malama, jirgin nan zai kife. An zuba kayan duk gefe guda." Aka yi tsit. Malama ta duba, na duba, wallahi gaskiyarta! Mai zanen bai san lodin jirgi ba, ita ta sani. Malama ta ce, "To zo ki gyara mana." Nan take aka mai da tabarma kwalekwale, karan dawa ya zama filafili, takalman yara suka zama buhunan albasa, yarinyar nan tana ba da umarni, wannan ya matsa nan, wancan ya koma can, kada kowa ya miƙe sai an kai gaɓa. Wani ɗan Fulani ya yi rarrafe ya zama akuya, yana kuka har da karkaɗa kai. Malama ta matso kusa da ni ta ce, "Malam, yarinyar nan wata biyu tana ajinmu na safe, ban taɓa jin muryarta ba."

Hawaye suka cika mini ido, domin na san dalili. A Benin Faransanci ne harshen makaranta tun daga ajin farko. Yaron da ya tashi da Dandanci ko Fulatanci ko Hausa, ranar da ya shiga aji sai a rufe masa ƙofar duk abin da ya sani. Ya san kogi, ya san shukar shinkafa, ya san kuɗin albasa, amma a idon aji bai san kome ba.

Na tambaye ta littattafai nawa gare ta. Ta yi dariya ta ce wannan ɗin kan kai su mako biyu. Wata rana su ɗebo yumɓu su gina akuya da kwalekwale, a shanya a rana. Wata rana lissafi: marufan kwalba su ne albasa, akuya ta cinye uku cikin goma, saura nawa? Wata rana tafi, a-ku-ya tafi uku, al-ba-sa tafi uku, kowa ya tafa sunansa ya ƙirga, sannan su zana harafin farko da yatsa a rairayi kafin a taɓa allo da alli. Akwai ranar da take rarraba hotunan a hargitse, su jera su daga farko zuwa ƙarshe. Aikin gida kuma ɗaya ne: ka je ka ba kakarka labarin, ka karɓo mana tatsuniya a madadinsa. Ta ce tsofaffin unguwa har sun fara aiko mata da saƙo, wai Gizo da Ƙoƙi ma a yi musu nasu littafin.

Faransancin fa? Yana nan. A ƙarshen mako take kawo sunayen abubuwan cikin hoton da shi, kuma yara na cafkewa da sauri, don abin da aka sa wa sunan sun riga sun taɓa shi da hannunsu.

Abin da ya ƙara girgiza ni, wannan dabarar da baiwar Allah take yi da kwalin sukari, akwai al'ummar da ta riƙe harshenta da irinta. A yankin Wels na Birtaniya, a ƙarni na 19, akwai makarantun da ake rataya wa yaro katako a wuya in ya yi harshen uwarsa, kamar yadda iyayenmu na Nijar da Benin ke ba da labarin abin da ake rataya musu a lakwal. A 1969 Mary Vaughan Jones ta fitar da Sali Mali, ɗan littafin hotuna na yara ƙanana da har yau ake karantawa. A 1971 aka kafa ƙungiyar Mudiad Meithrin, ta baza rukunin wasa da renon yara cikin harshen Wels, inda ake labari da waƙa da zane. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen kusan 538,000 ne, gwamnatinsu kuma ta sa burin kai su miliyan ɗaya kafin 2050. Mutum dubu ɗari biyar da 'yan kai! Mu masu Hausa mun haura miliyan hamsin.

Kuma ba yau muka fara ba. Nijar ta buɗe makarantun gwaji da Hausa a Damagaram tun 1973. Zariya ta ba mu Ka Koyi Karatu da 'yan'uwansa. Shirin Mu Karanta ya shiga firamaren Sakkwato da Bauchi. Benin kanta tana cikin ƙasashe takwas da suka fara shirin ELAN na koyarwa da harsunan gida tare da Faransanci. A intanet, African Storybook na da littattafan hotuna da Hausa, kyauta, a sauke a waya a buga. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne littafin ya isa hannun yaro ɗan shekara huɗu, da babban da zai zauna ƙasa tare da shi ya bar shi ya yi magana. Mun iya rubuta wa manya, kasuwar littattafan Kano shaida ce. Ƙananan ne muka bari.

Don haka ina roƙonku, marubutanmu na Kano da Maraɗi da Zariya, da masu zane, da masu injin buga takarda: shafi goma sha biyu ya isa, hoto babba, layi ɗaya, labarin abin da yaro ke gani a ƙofar gidansu. Malaman firamare da na Islamiyya, da iyaye mata, kada ku jira gwamnati ko wata ƙungiya. Ku ɗinka naku a wannan makon, ku tara yaran unguwa bayan la'asar, ku ɗaga shafin farko ku tambaye su abin da suka gani.