Na Biya Kuɗin Kwalekwale, Na Ɗauka Gulbin Na Saya

Duk ma'aikacin da aiki ya ajiye a Birnin Kebbi ya san tambayar da baƙo ke yi da zarar ya wanke hannu daga tuwo: yaushe za ka kai mu Argungu? Ni Bakatsine ne, amma na daɗe a Kebbi, na kuma yi ta jigilar baƙi a kan wannan hanya mai kilomita 50 da 'yan kai har na fara jin kaina ɗan gari. Wannan jin kan ne ya kai ni ga abin da zan ba da labari.

Wani abokina na makarantar sakandare ya zo ɗaurin aure a cikin hunturu, tare da wani abokin kasuwancinsa daga Legas. Abokin nawa mutum ne mai yawo a duniya. Da daddare ya yi ta ba mu labarin yadda ake yi a Afirka ta Kudu: ka ɗauki shatar mota da ɗan jagora kai kaɗai, a bi da kai gaɓar teku daga birnin Cape Town, a tsaya a gonakin inabi inda masu shan giya ke ɗanɗanawa, irinsa kuma a ba shi ruwan inabi zalla, kafin azahar an dawo da kai masauki. Komai a tsare, in ji shi, abin da ka biya shi za a nuna maka. Kishin gari ya motsa mini, duk da garin ba nawa ba ne. Na ce masa mu ma muna da namu, ya ba ni rabin yini kawai, zan nuna masa tarihi, in nuna masa shinkafa, in sa a kamo masa giwan ruwa a gulbin Matan Fada a gaban idonsa. Na faɗi wannan na ƙarshen ne ina sane da cewa saura makonni kafin lokacin da aka saba yin bikin kamun kifi na Argungu.

Jirginsu na yamma ne, don haka na tsara komai da agogo. Muka ɗauki shatar mota bayan asuba. A hanya na riƙa nuna musu fadama ta gilashi, manoma tsamo-tsamo cikin ruwa suna dashen shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta ƙugi. Na yi musu bayanin shirin bai wa manoma rance da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi da ta shiga kasuwa a ƙarshen 2016, da kamfanin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Ba mu tsaya mun ce wa kowa sannu da aiki ba. Babu wannan a jadawalina.

A gidan tarihi na Kanta na fara nuna hali. Ginin nan shi ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958, kuma akwai sarakuna da ke kwance a cikinsa. Ma'aikacin da ya karɓe mu ya ɗauko zance tun daga tushe: yadda Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songai wajen 1516 bayan saɓani kan rabon ganima, yadda ya kafa Surame da ganuwarta, yadda Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, da yadda Kabawa suka tattara a Argungu suka yi ta fafatawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Yana gaban sulke da masu da tambura, ya shiga labarin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915, sai na ɗaga hannu na nuna masa agogo. Na ce, “Malam, a taƙaita, muna da jirgi.” Ya haɗiye sauran maganarsa ya ce to. Baƙon Legas, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, shi ne ya tsaya yana ta tambaya, ni kuwa ina bakin ƙofa ina kaɗa makullin da ba na motata ba.

Da an bar mutumin nan ya kai ƙarshe, da ya iso 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don karrama shi da kuma rufe babin gaba ta fiye da shekara 100. Daga nan bikin ya samo siffar da aka san shi da ita. Ruwan da nake gaggawar zuwa ke nan.

Wanda ya san Matan Fada a talabijin kawai zai sha mamaki idan ya je a ranar da ba ta biki ba. Babu dubban masunta, babu kiɗa, babu ƙura. Ruwa ne shiru, da rumfar manyan baƙi wayam. Na ga fuskar abokina ta ɗan sauya, ni kuma alkawarin da na yi da daddare ya tsaya mini a wuya. Muka sami wani masunci mai kwalekwale, dattijo-dattijo, muka yi ciniki zai zagaya da mu. Da muka yi nisa kaɗan na ce masa ya jefa koma baƙi su gani, zan ƙara masa wani abu.

Ya ce, “Alhaji, nan ba a su yanzu. Ruwan ga rufe yake sai ranar da anka buɗe. In kihi kaka so, mu tai ƙasa, can ana kamu.”

Na tambayi nisan wurin, ya ce da ɗan tafiya. Na duba agogo. Na ninka kuɗin. Ya yi murmushi ya ci gaba da tuƙi kamar bai ji ba. Sai na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta: na ce kada ya damu, na san manya a Birnin Kebbi, ba abin da zai faru. Bai tanka ba, ya juya kan kwalekwalen zuwa gaɓa.

A nan ya kamata abin ya tsaya. Amma a bakin gaɓa akwai samari, wani daga cikinsu, da bai wuce shekarun ɗan sakandare ba, ya ji cinikin da ake yi. Na yafito shi. Kuɗin da na ambata sun fi abin da zai samu a kwanaki da yawa na su. Ya waiwaya hagu da dama, ya ruga ya dawo da homa da gora, ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Abokina ya ɗaga waya yana ɗauka.

Yaron bai ko nutsa sau biyu ba muka ji murya daga bayanmu: “Kai! Hito!” Wani tsoho ne da sanda, daga cikin dattawan masunta da ke sa ido a wurin. Yaron ya fito jiki na ɓari, ba don sanyi kaɗai ba. Tsohon ya karɓe homar, ya ce maganar za ta je gaban Sarkin Ruwa, ya kira sunan uban yaron da na kakansa don ya san an gane shi. Sannan ya juyo gare ni.

“Malam, kai mutumin ina na?”

Na ce Katsina, Baba.

Ya ce, “Af, shi ya sa. Bawanmu na.” Mutanen wurin suka yi dariya, domin akwai wasa tsakanin Kabawa da Katsinawa, kuma da wannan wasan ya rufa mini asiri a gaban baƙina. Amma bai sake ni haka nan ba. Ya rage murya ya ce, “Kai in rana ta yi sanyi mota za ka shiga ka tahi. Shi ko yaron ga nan za ya kwana, nan za ya nemi aure, nan za a riƙa tuna mai shi na wanda ya saida ruwan gari.”

Da rashin sani ne ya sa ni, da na ce baƙo ko da ido makaho ne, na wuce. Amma na sani sarai. Ni da bakina na sha gaya wa wasu baƙin cewa ana rufe wannan yanki na gulbi har sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke kula da shi da izinin fada. Na san ma dalilin. Idan rani ya yi, Gulbin Rima ya ja baya daga fadama, kifi kan tattaru a gurabe masu zurfi. Giwan ruwa ba ta kai girman da ake ɗaga ta a kafaɗar ƙarti sai ta shekara da shekaru ba a taɓa ta ba. A bikin 2020, wanda ya zo bayan dakatarwar kusan shekara 10, kifin da ya ci gasa kilo 78 ne. Irin wannan kifin haƙurin dubban mutane ne, kowannensu yana da homa a ɗaki, yana da iyali masu buƙatar cefane, yana wuce ruwan kullum ya kau da kai. Kuma ruwan ba kamar da ba ne: madatsar Goronyo a kan Rima da ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, yashi na cike gurabe, ga injinan manoman rani na zuƙa. Da UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2016, ba ranar gasa kaɗai ta duba ba, har da wannan tsari na kula da ruwa da ya sa ake samun abin kamawa a ranar.

Abin da ya ruɗe ni shi ne biya. Na biya mota, na biya kwalekwale, sai na ɗauka duk abin da ke cikin waɗannan sa'o'i nawa ne in juya. Ko a can Cape Town ɗin da ake ba ni labari, wanda ya ɗauki shatar mota ba ya haura shingen gonar mutane ya tsinki inabi don ya biya direba. Ni na ji kalmar “abin da ka biya” na bar sauran. Mafi muni kuma, da babba ya ƙi, ban ji kunya ba, sai na nemi ƙarami wanda talauci zai sa ya kasa ƙi. Ba kuma da kaina na yi kasadar ba. Manyan da na ce na sani, ko da gaske ne, ba za su zo su tsaya wa ɗan masunci a gaban dattawan unguwarsu ba.

Akwai wani sakacin da sai a hanyar komawa direbanmu ya tuna mini. Na ɗora mutum biyu da ba su iya iyo ba a kwalekwale, ba rigar kariya ko ɗaya, ban ma tambaya ba. Wannan a jihar da a watan Mayu 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, da mutane fiye da 100. Allah ne ya tsare, ba tsarina ba.

Baƙina sun sami jirginsu. Abokina ya goge hoton da ya ɗauka tun a mota, ba tare da na roƙe shi ba, kuma bai sake ta da zancen ba, abin da ya fi mini zafi fiye da faɗa. Washegari na koma Argungu ni kaɗai da ƙwaryar goro. Wani abokin aikina Bakabe ya raka ni, domin shi ya san ƙofar da ake bi. Muka sami tsohon a zaure, muka tuɓe takalma, na faɗi abin da ya faru ba ragi: ni na kira yaron, ni na sa kuɗi, masuncin farko ya gargaɗe ni na ƙi ji. Aka kira uban yaron, na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da mutum ke faɗa idan akwai komai. Aka yi wa yaron faɗa a gabana, aka mayar masa da homarsa, aka ce maganar ta mutu a nan. Na so in ba shi kuɗin da na yi masa alkawari, tsohon ya hana. Ya ce idan na ba shi, gobe wani yaron zai lissafa ya ga ko an kama shi da riba.

Daga can na biya gidan tarihi, na nemi ma'aikacin da na katse, na ce ya ƙarasa mini labarin Sama'ila daga inda ya tsaya. Ya dube ni, ya gane ni, ya tambaya ko yau ma akwai jirgi.

Har yanzu ina kai baƙi Argungu. Nakan kira wani ɗan gari tun ana gobe ya gaya mini inda ake su a lokacin da wanda za a gaisar kafin a shiga ruwa, nakan ari rigunan kariya in jefa a but, kuma gidan tarihi ne ke cin mafi yawan lokacin. Mai rabin yini nakan gaya masa tun a gida cewa zai ga Kanta, zai ga fadama, zai ci gasasshen kifi a kasuwa. Wanda ya ce lallai sai ya ga an fito da giwan ruwa daga Matan Fada, nakan ce ya saurari sanarwar ranar biki, ya kuma nemi masauki da wuri, domin a makon nan ko a Birnin Kebbi ɗaki wuya yake yi.