Bel Ɗin da Ba Ya Kuka

Aikina magana ne a rediyo, shi ya sa nake tsoron abin da ke lalacewa shiru. Birki yakan yi ƙara kafin ya mutu, taya takan nuna sanƙo, amma bel ɗin taimin, mai daidaita tafiyar fistin da bawul, sai dai kawai ya tsinke. In ya tsinke a injin dizal, fistin ya daki bawul, gyara ya koma na rabin inji.

Motarmu Toyota Hiace ce, gadon Baba. Ƙanena ke jan ta tirotiro daga Nima zuwa Circle. Ita ke ciyar da gida, ita ke sayen maganin hawan jinin Mma. Ran da fitilar T-BELT ta kama, muka kai ta wurin wani makanike a Maamobi.

"Hajiya, a canza har da famfon ruwa," in ji shi.

Ƙanena ya ɓata rai, wai famfon lafiyarsa lau. Masta ya nuna mana: sai an cire fanka da murafu kafin a kai ga bel, famfon kuma nan yake maƙale. In ya fara yoyo bayan wata uku, kuɗin aiki biyu ke nan, ga asarar cinikin kwanaki.

Na kwashi adashina, wanda na yi niyyar ɗinkin Sallah da shi, na tafi Abossey Okai na sayo duka biyun. Kwana biyu motar ba ta fita ba. Ran Idi na saka leshin bara, maganin Mma kuwa bai yanke ba.