Bindiga A Hannun Talaka

Mai karatu, na daɗe ina juya wata tambaya a raina: me ke sa manomi da bai taɓa sha'awar faɗa ba ya sayar da buhun gero ya sayi bindiga? Da nake ƙarami, bindigar da muka sani a ƙauye ita ce harba-ruga ta maharba, ana ɗura mata albarushi a shiga daji neman zomo da gada, ko a harba ta sama ranar hawan salla. Babu wanda ke kwana da ita a gefen tabarma.

A ganina amsar ita ce nisa. Mutumin da ke zaune a ƙauyen da babu ofishin 'yan sanda, hanya ta lalace, waya ba ta shiga, ya san cewa in 'yan bindiga suka zo da tsakar dare a kan babura, kafin taimako ya iso an gama abin da za a yi. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a Jangebe. Wanda ya ga haka ya faru da makarantar gwamnati, ya za a yi ya yarda gidansa na laka ya tsira?

Har shugabanni sun faɗa da bakinsu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya ce mutane su tashi su kare kansu, a Yunin 2022 kuma gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta umarci jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga. Sai dai dokar makamai ta 1959 ta sa wannan izini a hannun shugaban ƙasa da hukumar 'yan sanda, gwamna ba shi da ikon bayarwa.

To amma ni abin da ya fi damuna shi ne horo. Riƙe bindiga daban, sanin lokacin da ba a harbi daban. Mun ga yadda wasu 'yan sa-kai suka fara da tsaron gari suka ƙare da tare Bafulatani a kasuwa saboda kamanninsa kawai, danginsa kuma suka dawo ɗaukar fansa a kan ƙauye guda. Ramuwa ta haifi ramuwa, talaka ne ke binne gawa ta kowane ɓangare. Shi ya sa na ga hikima a kafa rundunar tsaron al'umma ta Katsina a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024, inda ake tantance mutum, a horar da shi, a san wanda zai amsa tambaya in ya yi ɓarna.

Ba na zargin magidancin da ya ce ba zai zuba ido a tafi da matarsa da 'ya'yansa ba. Roƙona dai shi ne duk wanda larura ta kai shi ga makami ya bi ta hannun hukuma, ya koyi ajiye shi nesa da yara, ya kuma koyi riƙe zuciyarsa kafin ya koyi saiti. Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.