Mako Guda da Kalmar "Yield" a Changsha

Litinin

Ajin yamma ya cika maƙil saboda jarrabawar Turanci ta CET ta matso. Ɗaliban duk Sinawa ne masu karatun aikin gona. Muna karanta wani rubutu kan shinkafa sai kalmar "yield" ta fito. Na tambayi ma'anarta, suka amsa baki ɗaya: chanliang, wato yawan abin da aka samar. Haka ɗan littafin haddarsu ya ce, kalma ɗaya gefen kalma ɗaya.

Da furuci muka fara. A daidaitaccen Sinanci gaɓa ba ta ƙarewa da "l" ko "d", don haka suna tsinka kalmar gida uku: yi-er-de. Na haɗa musu ita da "field", gona, muka yi ta maimaitawa har harshe ya saba.

Talata

Yau ne aikin gaske. Chanliang tana iya nufin dukan hatsin da lardi ya tara a shekara. Amma a bakin masanin noma mai rubutu da Turanci, "yield" tana nufin abin da kowace kadada ta bayar, jimilla kuwa "production" ce. Sinanci yana da kalmar da ta yi daidai, danchan, kuma ɗaliban sun san ta sarai, littafin ne bai haɗa musu biyun ba.

Na zana gonaki biyu a allo. Babba mai hekta 10 ta ba da tan 40, ƙarama mai hekta 2 ta ba da tan 14. Na ce wace ce ta fi "yield"? Da yawa suka nuna babbar. Wata ɗaliba daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce: "Laoshi, ƙaramar ce, tan 7 take bayarwa a hekta, babbar 4 kacal." Laoshi shi ne malam a wurinsu. Raina ya yi fari da wannan amsa.

Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Ƙasar Sin tana ciyar da kusan kashi 20 cikin 100 na mutanen duniya da ƙasar noma da ba ta kai kashi 10 ba. Faɗaɗa gona ba shi da sauƙi a nan, mafita ita ce gonar da ake da ita ta ƙara albarka. Ɗalibin da ya rikita kalmomin nan biyu a rahotonsa ya ɓoye ainihin abin da ƙasarsa ta yi fice da shi.

Laraba

Ma'auni. Manomin lardin nan na Hunan ba ya lissafi da hekta, da mu yake yi, kuma mu 15 ne hekta ɗaya. Nauyi kuma da jin, rabin kilo kenan. Idan dattijo ya ce gonarsa ta ba da jin 1,000 a kowane mu, kilo 500 yake nufi, wato tan 7.5 a hekta. Ba'amurke kuma da bushel a kowace eka yake magana, ga shi bushel ɗin masara fam 56 ne, na alkama 60. Na ce musu duk inda suka rubuta kalmar nan da lamba a gabanta, dole ma'aunin fili ya biyo baya. Lamba tsirara ba ta gaya wa kowa komai.

Alhamis

Wani ɗalibi da ya kalli fim ɗin Amurka ya zo da tambaya: me ya kai amfanin gona kan allon titi? Ya ga alama mai kusurwa uku, kai a ƙasa, an rubuta YIELD. Na ce ya leƙa mararrabar da ke bakin ƙofa, irin wannan allon yana nan ɗauke da harafin rang, ba da hanya. A Ingila "give way" ake rubutawa.

Juma'a

Bayan na dawo daga masallaci na zauna na shirya darasin aikatau, domin tambayar jiya ta nuna mini inda igiyar take. A tsohon Turanci kalmar "gieldan" ce, ma'anarta biya, kuma dangi ce ga "Geld" ta Jamusanci, wato kuɗi. Duk ma'anonin daga nan suka fito: gona tana biyan manomi, takardar lamuni tana biyan mai ita riba, wadda Sinawa ke kira shouyilü, direba yana miƙa hanya, wanda aka fi ƙarfi yana miƙa wuya, qufu kenan. Har ƙarfe idan nauyi ya kai shi inda zai lanƙwashe bai koma daidai ba, injiniyoyi da "yield" suke faɗa. Sinanci ya raba yawancinsu kalmomi daban-daban, shi ya sa ɗalibi ke ganin kamar Turanci ya tara baƙin juna a ɗaki ɗaya.

Ƙa'idar da na ba su gajera ce. Idan abu ya biyo bayan aikatau kai tsaye, bayarwa ake nufi. Idan "to" ta shiga tsakani, sallamawa ce.

Asabar

Babu aji. Mun zaga unguwar Mapoling, inda cibiyar binciken shinkafa mai aure take tun 1984. Nan masanin shinkafa Yuan Longping ya yi aiki har ya rasu a wannan birni a watan Mayun 2021. A 1970 abokan aikinsa suka gano wata shinkafar daji a tsibirin Hainan wadda ɓangaren namijinta ba ya haihuwa, ita ta buɗe ƙofar auren iri, zuwa 1976 manoma sun fara shukawa sosai. Ƙarin da shinkafa mai aure ta kawo ya kai kusan kashi 20 cikin 100 a gona guda. A 2004 ya raba kyautar abinci ta duniya da Monty Jones na Saliyo, mai shinkafar NERICA da manomanmu suka sani. A hanya ɗaliban sun yi ta gwada "high-yield", gaochan a harshensu, ba tare da na ce su yi ba.

Lahadi

Na duba rubutunsu. Maganar ma'auni ta zauna, amma wani kuskure ya yawaita: suna sa manomi ya zama mai yin "yield". A Turanci gona ce ke yi, ko bishiya, ko iri, manomi shuka da girbi ne nasa. Gobe da wannan za mu fara. Malamin da ke koyar da Sinawa irin waɗannan kalmomi, don Allah ya ajiye jerin haddar nan, ya ba su jimla da lamba da gona.