Saƙo ɗaya, sau dubu

Kundin aikin kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira log, shi ne inda manhajoji ke rubuta abin da ya same su, layi bayan layi, kowanne da lokacinsa. A babbar manhajar Ubuntu akan same shi a /var/log/syslog. Tsarin ya samo asali ne daga syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙiro a shekarun 1980 saboda manhajar aika imel ta Sendmail.

Wani lokaci kundin kan cika da saƙon kuskure guda, ana nanata shi sau dubbai. Galibi wata manhaja ce ta nemi abu ta rasa, ta sake nema ba hutu: faifai ya fara lalacewa, ko kebul ɗin USB ya yi sako-sako, ko systemd, mai kula da tashin manhajoji, na ta tayar da manhajar da ke sake faɗuwa. Kafin a ankara wurin ajiya ya cika, ƙaramar matsala ta tsayar da komai.

Ido kan ruga ƙarshen kundin, inda hayaniya take, alhali bakin zaren yana can sama: layin farko, da abin da ya gabace shi da 'yan daƙiƙu. Umarnin grep na tace layukan. Idan aka cire lokacin, umarnin sort da uniq -c kan ƙirga maimaicin, sai tulin ya koma layi biyu ko uku.

Akwai hanyoyin rage surutun. Manhajar logrotate na matse tsofaffin kundaye, journald kuma, mai riƙe kundin systemd, na watsar da saƙonnin manhajar da ta wuce iyaka cikin daƙiƙa 30. Sai dai a cikin abin da aka watsar ɗin akan rasa layin da ake nema.