Tsakanin Aji da Lokeshan

A gidanmu babu wanda ya yi guɗa ranar da takardar shiga makaranta ta zo. Gurbin da na samu na karatun fim ne, a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Fim ta Najeriya, take kuma ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Mahaifina, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna yadi a Kantin Kwari, ya juya takardar gaba da baya, sannan ya ɗago ya ce, "Yanzu shi fim ɗin ma sai an je jami'a?" Ba da faɗa ya yi tambayar ba. Fargaba ce a muryarsa, irin ta uban da ya san yadda ake kallon 'yan fim a Kano, ya kuma san wata rana shi zai je nema wa ɗansa aure. Umma ba ta tanka ba sai da na je sallama. Ta cusa mini rigar sanyi da ƙullin yaji a jaka, ta ce, "Ka riƙe sallarka, ka riƙe mutuncinka. Allah ya yi maka albarka."

Sanyin Jos ne ya fara yi mini maraba. Da asuba ruwan alwala yana yankar hannu, hazo ya lulluɓe duwatsu, mu kuwa muna tafe aji da kofin shayi a ciki da littafi a hammata. Garin ya daɗe da sabawa da masu kamara. A nan hedikwatar Hukumar Fim take, a nan Kwalejin Talabijin ta NTA take, don haka ba wanda zai tsaya kallonka don ka ɗauko ƙafar kamara a kafaɗa.

Abin da ya fi zama mini a rai daga shekarun farko shi ne ɗakin kallo. A kashe fitila, a ja labule, mu yi tsit. A nan na ga gajerun hotunan da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka nuna wa mutanen Paris a 1895. A nan aka maimaita mana fitowar matakalar Odessa ta fim ɗin Eisenstein na 1925, malaminmu yana tsayar da hoton yana tambaya, "Me ya sa ya yanka a nan? Me ya sa bai jira ba?" Sai aka dawo da mu gida Afirka: Sembène Ousmane da mai keken dokinsa a titunan Dakar cikin Borom Sarret na 1963, da Oumarou Ganda na Nijar, wanda ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Ranar da aka ambaci Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙirjina ya cika. Ashe an taɓa yin fim da harshena a kan zaren silima, tun kafin a haife ni. A lokacin a takarda kawai muka san shi. Sai daga baya aka gano zarensa a ma'ajiyar hukumar, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Mun koyi layin da kamara ba ta tsallakawa idan mutum biyu suna magana, don kada mai kallo ya rikice. Mun koyi kafa fitila uku, da auna haske, da tsara labari fitowa bayan fitowa. Zan faɗa maka gaskiya, mai karatu: da ilimin ya fara shiga, sai na fara yi wa finafinan gida kallon hadarin kaji. Idan na dawo hutu na tarar ƙannena suna kallon fim ɗin Hausa, ba labarin nake bi ba, kurakurai nake ƙirgawa. A raina na ɗauka masana'antar tana jiran irina ne su zo su gyara ta. Ban san komai ba game da yadda ake haifar kowace fitowa da nake rainawa.

A 2017 lokacin koyon aiki ya zo, wanda ɗalibai ke kira SIWES, shirin da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro tun 1973 don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama. Aka ba ni wasiƙa da littafin da zan riƙa rubuta aikin kowace rana, na hau mota zuwa Kano. Wani kamfani da ke cikin benayen titin gidan Zoo ya karɓe ni.

Na tarar da masana'anta a tsakiyar ruwa. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai, wadda ta ciyar da dubban mutane tun zamanin kaset, tana mutuwa a tsaye. Masu satar fasaha sun ci rabonsu, finafinan Indiya masu fassara sun cika gari, kuma a kowane lungu akwai yaro da kwamfuta yana tura wa mutane fim a waya da kuɗi ƙalilan. Furodusa zai zuba jari, fim ya fito, uwar kuɗi ba ta dawo ba. Idanun kowa sun koma kan shirye-shirye masu dogon zango, irin waɗanda tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta nuna za su iya riƙe mutane mako bayan mako, kamar Daɗin Kowa. Kamfaninmu ma irin wannan shiri yake ɗauka.

Kamara na so a ba ni. Darakta ya dubi wasiƙata, ya dubi tsayina, ya ƙwala wa mai sauti kira: "Ga ɗan jami'a nan, ya riƙe maka sanda." Haka na zama yaron mai sauti, mai ɗaga doguwar sandar makirufo a saman kawunan 'yan wasa.

Maigidan nawa mutum ne mai ƙarancin magana, furfura ta fara fito masa a gemu. Bai gama sakandare ba. Da ɗaukar biki ya fara, a shekarun da suka biyo bayan Turmin Danya, fim ɗin ƙungiyar Tumbin Giwa na 1990 da ake lissafa shi farkon finafinan bidiyo na Hausa. A rana ta farko ya cire abin jin sauti daga kansa ya ɗora a nawa, ya ce, "Rufe ido. Gaya mini abin da ka ji."

A Kano aka haife ni, amma ranar na fara jin ta. Ga ƙugin a-daidaita-sahu can bakin titi, ga injin markaɗe bayan katanga, ga mai tallan ruwa, ga tattabaru a kan rufin kwano, ga ƙarar awarwaron jarumar da ke gyara mayafi, har da numfashin mai kamara. Na lissafa masa duka. Ya ce, "Saura ɗaya." Na sake kasa kunne, can ƙasa na tsinci wani siririn zuu da ba ya yankewa. Firij ne a ɗakin da ke kusa. Ya ce, "Je ka roƙi matar gidan ta kashe. Da ladabi. Gidanta ne, mu baƙi ne."

Aikin lokeshan jira ne da gumi. A ja janareta can nesa da doguwar waya, a kewaye shi da katifu don ya rage kuka. A jira jarumi, a jira gajimare ya wuce, a jira yaran unguwa su yi shiru. Idan ladan ya ɗaga murya, kowa ya ajiye abin hannunsa. Yarinyar da ke kula da kwantiniti tana riƙe da littafi, ta san a wane hannu carbi yake a fitowar jiya, ta san inda ɗaurin ɗankwali ya karkata. Mai haske yana tare rana da farin allo, ya juyo ta a hankali kan fuskar mai magana. Ni kuwa hannuwana biyu a sama, kafaɗuna suna ci da wuta, ina addu'a kada inuwar sandar ta faɗo cikin hoto, kada rawar hannuna ta shiga sauti. Bayan kowace fitowa maigidana yakan ɗaga hannu ya ce a yi shiru na minti ɗaya, ya naɗi shirun ɗakin, domin kowane ɗaki da irin nasa, kuma da shi edita zai cike giɓi tsakanin maganganu.

Ranar da ba na mantawa a wani ƙauye ce, gabas da Kano, bayan an yi girbi. Fitowar ta rasuwa ce: za a fito da makara daga zaure, matar mamacin tana kuka a tsakar gida. An nemi izinin mai gari tun kafin mu zo. Amma zukata ba su huce ba tun rigimar 2016, lokacin da wa'azi da ƙorafin jama'a suka sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji.

Ni ne na fara ji, domin makirufo ba ya zaɓe. Ta bayan kukan jarumar, wasu muryoyi suka riƙa shigowa kunnena daga gindin wata bishiyar darbejiya. "Wasa suke da mutuwa." "A garinmu?" "A kira sauran." Sai na ji ƙarar da na gane ba tare da na waiwaya ba, ta gora da ake ja a ƙasa. Bakina ya bushe. Gwiwoyina suka saki. Na tuna motarmu ɗaya ce, tana can bakin kasuwa, kuma akwai mata a cikinmu. Na tuna fuskar Umma. Ban sauke sandar ba, don ba a ce a yanke ba, amma na dubi maigidana, na ga shi ma ya ji.

Ya tashi a natse ya raɗa wa darakta magana. Aka tsayar da aiki, aka shigar da mata cikin gida. Dattijon da ya fi kowa shekaru a 'yan wasanmu ya cire hular wasa ya sa tasa, ya nufi matasan shi kaɗai, ya yi sallama, ya nemi a kai shi wurin liman. Muka zauna a ƙasa a ƙofar masallaci. Ya ce, "Allah gafarta Malam, labarin marayu ne. Ubansu ya rasu, ƙaninsa ya cinye gadon. So muke wanda ya gani ya ji tsoron Allah." Liman ya daɗe yana jan carbi. Daga nan ya kafa sharuɗɗa: kada a taɓa makarar masallaci, a haɗa wata da itace, kada a ɗauki matan gari, a tsaya lokacin salla. Kafin la'asar, matasan nan da suka zo da gora su ne suke kore mana awaki, suna tsawata wa yara su yi shiru. Ɗaya daga cikinsu ya matso ya ce in ɗan sa masa abin a kunne ya ji. Na sa masa. Har yanzu ina ganin yadda idanunsa suka buɗe.

A hanyar dawowa babu mai magana. Can maigidana ya ce, "Ɗan jami'a, an koya muku wannan a Jos?" Na ce a'a. Ya ce, "Ba a iya koyar da shi a aji. Kamara ba ta shiga gari sai mutanen gari sun buɗe mata ƙofa."

Kada ka ɗauka karatun ajin ya tashi a banza. Wata rana a ɗakin tacewa edita yana ta fama da wata hira tsakanin uba da ɗa. Duk yadda ya haɗa, sai ka ga kamar gefe guda suke kallo, ba juna ba. Na gane matsalar nan take: an tsallaka layin nan da aka yi ta nanata mana. Na zana masa a bayan takarda. Ya dubi zanen, ya ce shekara da shekaru yana jin abin a jikinsa idan ya faru, amma bai taɓa sanin dalilinsa ba. Washegari darakta da kansa ya kira ni gefe ya ce in sake zana masa. Tun daga ranar, idan za a kafa kamara, sai ya ce, "Ina ɗan jami'a? Zo ka duba mana layi." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su suna da aikin, mu muna da bayaninsa, kuma kowane ɓangare yana tafiya da ɗingishi idan babu ɗayan.

A wannan ɗakin ne kuma na kalli fitowar rasuwar bayan an haɗa ta. Edita ya fara nuna mini ita babu sauti: mace ce kawai a durƙushe. Ya kunna sautin. Kafin kukan ya fito akwai wani jan numfashi, gajere, mai karyewa a tsakiya, wanda sandata ta kama domin tana daidai inda ya kamata. Tsigar jikina ta tashi. Mai kallo ba zai taɓa sanin wanda ya riƙe sandar ba, amma zai ji zafin matar nan a ƙirjinsa. Lokacin da malamin da ke duba mu ya zo daga makaranta ya sa hannu a littafina, ya tambaye ni fannin da zan ƙware a kai. Na ce sauti. Shi nake yi har gobe.

A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, fim da watsa shirye-shirye kowanne ya samu digirinsa. Ke nan yaranmu da yawa za su bi wannan hanya. Roƙona ga jami'o'i shi ne su ɗauki koyon aiki da nauyin da suke ba jarrabawa, su riƙa bin ɗalibi har lokeshan, su kuma gayyato tsofaffin ma'aikata irin maigidana su shiga aji su yi magana, ko ba su da takardar shaida. Masu kamfanoni su buɗe wa ɗalibai ƙofa, su ba su aiki na gaske, kada a mayar da su 'yan aiken sayo abinci. Iyaye su sani sana'a ce mai ilimi da ƙa'ida, kuma tarbiyyar da yaro ya fita da ita daga gida ita zai kai can. Kai kuma ɗalibi, idan ranarka ta zo aka miƙo maka sanda ko waya ko farin allo maimakon kamara, karɓi da hannu biyu, ka gaida kowa, ka yi tambaya, ka rubuta abin da ka gani a littafinka tun kafin ka kwanta.